Karatun Jami'a Daga Bakin Gadi: Nazari Kan 'Yan Kwana-Kwana a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Ranar Litinin, 8 ga Nuwamba 2021, wuta ta kama azuzuwan zana uku a wata makarantar firamare cikin birnin Maraɗi. Yara aƙalla 25 suka rasu, yawancinsu 'yan shekara biyar zuwa shida. Ana gobe hakan za ta faru, ramin haƙar zinariya ya rufta da mutane a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, aka fito da gawa 18. Watanni bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan gobara ta azuzuwan zana ta ci yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan ta Maraɗi ne majalisar ministoci ta hana zaunar da yaran ajin share fage a cikin azuzuwan zana a duk faɗin ƙasa.

Wanda ya taɓa ganin busasshiyar zana ta kama wuta ya san yadda abin yake, ba sai an ba shi labari ba. Wutar takan bi kara ta yi sama, ta haye rufi, rufin ya zubo cikin aji yana ci, iska kuma ta kwashi tartsatsi ta kai ajin da ke jingine da wannan. Kafin wani ya lalubo waya ya buga lamba 18 ta 'yan kwana-kwana, kafin direba ya tada mota, an gama. Babu rundunar kashe gobara a duniya da saurinta zai riga irin wannan wuta. Abin da kan ceci rai a irin wannan wuri yana can baya, makonni kafin ranar: tazarar da aka bari tsakanin aji da aji, yawan ƙofofi da faɗinsu, nisan murhun masu sayar da abinci daga jikin zana, da ko malamai sun taɓa gwada fitar da yara cikin gaggawa ko sau ɗaya. Waɗannan tambayoyi ne na sani, kuma tambayoyi ne na iko. Wa ya san amsarsu? Wa kuma ake jin maganarsa idan ya tsaya gaban magajin gari ya ce kada a buɗe wannan makaranta sai an gyara?

Daga nan na ɗauko batun karatun jami'a ga 'yan kwana-kwana. Ra'ayin da wannan nazari zai kare shi ne cewa a ƙasa irin tamu, mai faɗi da nisan garuruwa, rabin aikin ɗan kwana-kwana hana gobara ne tun ba ta tashi ba, kuma wannan rabin yana buƙatar ilimi mai zurfi da takardar shaidar da hukuma ke girmamawa. Mutumin da ke kan gadi ba shi da hanyar samun wannan ilimi sai daga nesa, ta intanet. Amma karatu ta intanet da aka tsara wa ɗalibin gari ko ma'aikacin ofis ba zai yi masa amfani ba. Dole a gina shi tun daga tushe a kan irin lokacin da mai gadi ke da shi.

Ƙasar da ake magana a kai

Gundumomin nan uku, Agye da Gazawa da Gidan Rumji, hanya ɗaya ta ratsa su, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Madawa, ta shigo Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, har Damagaram. Gidan Rumji na yamma da Maraɗi da kimanin kilomita 50, Agye na gabas da kusan kilomita 80, Gazawa kuma kusan 100. A ƙidayar 2012 gundumar Gidan Rumji ta haura mutum dubu 500, Agye ta kusa dubu 250, Gazawa, wadda aka yanke daga Agye a 2011, tana da kimanin dubu 160. Yau sun zarce haka nesa, domin jihar Maraɗi na cikin wuraren da jama'a ke ƙaruwa da sauri ƙwarai. Tun daga 2019 kuma Gidan Rumji ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Haɗurran wannan yanki sanannu ne ga duk mazauninsa. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, tankokin fetur da motocin gas ke bin kwaltar nan dare da rana, suna ratsa tsakiyar kasuwanni. A bakin hanya ana sayar da fetur a kwalabe da jarkoki, a cikin gida ana ajiye shi a ɗakin da ake kwana. Tukunyar gas ta shiga ɗakunan girki da yawa. Bayan kaka rumbuna cike suke, kara da harawa jibge kan rufi, ga iskar hunturu. Da damina abin ya juya: Gulbin Maraɗi, da ke bi ta Tibiri da Gidan Rumji, yakan cika ya tumbatsa, gidajen ƙasa su jiƙa su zube. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ga faɗawa rijiya, ga haɗarin mota a kan kwalta. Duk waɗannan 'yan kwana-kwana ake kira.

Ɗauki lissafi ɗaya kawai. Motar kashe gobara irin wadda aka saba tana ɗaukar ruwa kimanin lita 3,000. Mesa guda da aka buɗe sosai tana fitar da kimanin lita 500 a minti ɗaya. Minti shida ke nan ruwa ya ƙare. Idan daga birnin Maraɗi aka nemi ɗauki zuwa wani ƙauye a ƙasar Gazawa, motar za ta yi fiye da awa guda a hanya domin ta yi aikin minti shida, sai fa in shugaban tawagar ya riga ya san inda rijiyar burtsatse take, da wanda ke riƙe da mabuɗin tankin ruwan garin, da tafkin da bai ƙafe ba a wannan wata. Wannan sani taswira ce da ake zanawa tun da sauran lokaci, kuma zana ta aiki ne da ake koya.

Wane ne mai gadin, kuma wane irin lokaci gare shi

A Nijar 'yan kwana-kwana sojoji ne. Tsarin ya biyo na birnin Paris, inda Napoleon ya mai da aikin kashe gobara hannun soja a 1811, bayan wata mummunar gobara a ofishin jakadancin Ostiriya shekara guda kafin nan. Wannan gado yana da tasiri kai tsaye a kan batun karatu. Soja ba ya cewa yau ina da jarrabawa ba zan fito ba. Ana iya sauya masa wurin aiki daga Maraɗi zuwa Difa a tsakiyar zangon karatu. Horon da yake samu na cikin gida ne, daga hannun na gaba da shi, sai kuma 'yan kaɗan da akan tura kwas, alal misali makarantar nazarin kare fararen hula ta Wagadugu, wadda tun 2012 take horar da jami'ai daga ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Kwas irin wannan na da kyau, amma gurbinsa kaɗan ne, kuma duk wanda ya tafi ya bar giɓi a layin gadi, abokansa ne za su cike.

Aikin kashe gobara a ko'ina bisa doguwar gadi ya ginu. A Faransa gadin awa 24 ne ginshiƙin da aka gada. A Amurka tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne awa 24 a bakin aiki, awa 48 a gida, wanda yakan kama awa 56 a mako. Abin lura a irin wannan juyi na kwana uku shi ne ba ya tafiya da mako mai kwana bakwai. Wanda ya yi gadi wannan Litinin, Litinin mai zuwa yana gida, ta bayanta ma yana gida, ta uku ya koma gadi. Darasin da aka kafe a ranar Litinin da ƙarfe tara zai riƙa kuɓuce masa sau ɗaya cikin uku, komai ƙoƙarinsa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 a kan harsashin cibiyar koyon fasaha da ta riga ta, tana iya kasancewa kusa da bariki, amma jadawalinta da nasa ba sa haɗuwa. Ga wanda ke aiki a Agye ko Gidan Rumji kuwa, nisan hanya ya ƙaru a kan wannan.

Masu tallar karatu ta intanet sukan ce ai mai gadi ya fi kowa lokaci, tunda yawancin awanninsa a zaune yake yana jiran kira. A nan ne nake ganin babban kuskuren yake, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Jira ba hutu ba ne. Mu ɗauki wani saje a daren gadi. An yi sallar isha, an duba mota, an ci tuwo. Ya zauna a benci ƙarƙashin fitilar baranda, takalmansa na aiki a gefe baki buɗe, ya ciro waya ya buɗe darasi kan yadda ake lissafin ƙarfin ruwa a cikin mesa mai tsawo. Ya karanta shafi biyu, ya fara gane inda lissafin ya dosa, sai wayar ofis ta yi ƙara: mota ta kife bayan Cadawa. Ya jefa wayarsa aljihu. Sai ƙarfe biyun dare suka dawo, rigarsa da jinin wani, hannuwansa na rawa. Ko ya sake buɗe darasin, abin da ya karanta ɗazu ya tafi. A daren da ba a kira ba ma kunnensa na kan wayar ofis, barcinsa rabi ne. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa barci ne ke kafe abin da mutum ya koya da rana, kuma wanda barcinsa ya yanke yakan riƙe kaɗan. Ranar farko bayan gadi ta ramuwar barci ce. Ta biyu ta iyali ce, da gona idan damina ce, da suna da jana'iza da sauran haƙƙin zumunci waɗanda Bahaushe ba ya ajiyewa don karatu.

Saboda haka lokacin ɗan kwana-kwana kamar cinikin 'yar talla yake, dala-dala yake shigowa, ba ya zuwa a dunƙule. Yana da yawa idan aka tara, amma ba a iya sanin yaushe zai zo, kuma kowane guntu ana iya katse shi ba sallama.

A tsarin karatun jami'a da Nijar ke bi tare da maƙwabtanta, digirin farko, wato lisans, kiredi 180 ne, kuma kowane kiredi ana ƙiyasta shi da awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, awa 3,600 ke nan. A ce mai gadi ya iya tsamo awa goma na karatu mai kyau a kowane mako, ya yi haka mako 45 a shekara, zai tara awa 450. Shekara takwas ke nan kafin ya kai ƙarshe. A cikin shekara takwas za a sauya masa gari, zai yi aure ko ya ƙara, za a haifa masa 'ya'ya, wataƙila ya yi jinya. Duk tsarin da ya ce masa ba abin da zai riƙe a hannu sai ya kammala duka, ya shirya masa faɗuwa ne tun ranar rajista.

Abin da wasu suka gwada

Amurka ta yi wannan tunani tun da wuri. Bayan wani rahoto na 1973 kan yawan asarar rayuka a gobara, majalisarsu ta yi doka a 1974 wadda ta haifar da makarantar kashe gobara ta ƙasa, mai mazauni a Emmitsburg. Tun kafin zuwan intanet wannan makaranta ta haɗa kai da wasu jami'o'i don ɗan kwana-kwana ya yi digiri yana bakin aikinsa, ana aika masa darussa. Daga baya ta fitar da manhaja ta bai-ɗaya da kwalejoji da yawa suka ɗauka, domin wanda ya fara a wata jiha ya iya ƙarasawa a wata ba tare da ya koma farko ba. Wannan shi ne darasin da ya fi dacewa da soja mai yawan sauyin wuri. Faransa kuma tun 2002 tana da dokar da ta ba ma'aikaci damar gabatar da ƙwarewar da ya samu a wurin aiki, a auna ta, a ba shi wani ɓangare na takardar shaida ko ma dukanta.

Kusa da mu, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ta buɗe cibiyoyi na musamman a barikokin soja da na 'yan sanda har da gidajen yari. Ta gane cewa mai kaki ba zai zo wurinta ba, ita za ta je wurinsa. Senegal, da ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, ta gina wa ɗalibai zauruka a garuruwa daban-daban masu wuta da kwamfuta da intanet, saboda ta san yawancinsu ba su da waɗannan a gida.

Nijar ita ma tana da nata tarihin, kuma ya cancanci a tuna da shi. A 1964 aka fara koyar da yaran firamare ta talabijin a wasu azuzuwa kaɗan na kewayen Yamai, gwajin da ya yi suna a duniya a lokacinsa. Darussan sun yi kyau, yaran sun koya, amma shirin ya dogara da kuɗi da ƙwararrun waje, bai saje da sauran tsarin makarantu ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya. Na'ura ta yi aikinta. Abin da ya rasa shi ne gindin zama a cikin hukumar da za ta riƙe shi bayan baƙi sun tafi.

Akwai kuma gargaɗi daga binciken zamani. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun wallafa nazari a mujallar Science kan darussan kyauta na intanet da jami'o'in Harvard da MIT ke bayarwa, suka samu cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Tun kafin su, Michael Moore, ɗaya daga cikin manyan masanan karatu daga nesa, ya nuna cewa nisan da ke kashe ɗalibi ba na hanya ba ne. Yana ƙaruwa ne idan zance tsakanin malami da ɗalibi ya yi ƙaranci, tsarin darasi kuma ya yi tauri. Mutum zai iya zama a cikin Maraɗi, malaminsa na unguwar gaba, ya fi wanda ke Difa jin kaɗaici, matuƙar ya aika tambaya ta yi mako biyu ba amsa.

Wuta, layi da harshe

Akwai abin da ya kamata mutanen Gazawa su fi kowa sani. Wutar lantarkin da Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna sha daga Najeriya, ta layin Katsina take shigowa, a Gazawa take sauka kafin ta rabu gabas da yamma. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. Watannin nan sun nuna cewa duk shirin karatun da ya jingina da wutar gari da kuma layin waya mai ƙarfi a kowane lokaci, tsayawarsa ba ta da wuya. Kamfanonin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms sun fi ƙarfi a garuruwan bakin kwalta, da an yi nisa cikin ƙauye layi sai ya yi rauni. An ba Starlink izinin aiki a ƙasar, abin da zai taimaka wa bariki a matsayin hukuma, ko da kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun kofur.

Maganin wannan ba mai tsada ba ne. Farantin sola da batir, ƙaramar kwamfuta guda a bariki mai ɗauke da dukan darussan zango, wadda wayoyi za su iya kwasa daga gare ta ko babu intanet, sai layi ya samu ta aika ayyukan ɗalibai. Manhajar Moodle, wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita kyauta tun 2002, tana ba da damar sauke darasi a waya a karanta ba layi. Darasin kai tsaye ta bidiyo, wanda dole kowa ya hallara a sa'a ɗaya, shi ne ya kamata a rage ƙwarai, domin yana cin kuɗin data, kuma ya dawo da matsalar jadawalin da aka gudo.

Sai harshe. Yawancin ƙananan sojoji sun bar makaranta kafin bakaloriya, Faransancinsu na umarni ne da rahoton baka, ba na karanta shafi talatin kan sinadarai ba. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko ba don wannan ba, aikin rigakafi a Sae Sabuwa ko Gangara da Hausa ake yin sa. Mai sayar da fetur ba zai ji bayani da wani harshe ba. Ina ganin ya kamata bayanin farko na kowane darasi ya zo da Hausa, cikin murya, minti goma ko ƙasa da haka, wanda mutum zai saurara ya maimaita, sannan rubutu da kalmomin fasaha su biyo da Faransanci tunda da su ake rubuta rahoto da jarrabawa. Wannan aiki ne babba, domin sai an zauna an daidaita kalmomin, kuma masana Hausa na jami'ar Abdu Mumuni da ta Maraɗi su ne ya kamata su zauna da tsofaffin 'yan kwana-kwana su yi shi tare.

Me za a karanta

Ba komai ake koya ta waya ba, kuma duk wanda ya ce za a iya ya yaudari mutane. Hawa tsani, riƙe mesa mai ƙarfi, shiga hayaƙi da abin numfashi, sauka rijiya da igiya, danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, waɗannan a fili ake koyon su, da gumi, ƙarƙashin idon wanda ya iya. Abin da intanet zai ɗauka shi ne dalilin da ke bayan aikin. Me ya sa tururin fetur ke kwanciya ƙasa ya bi kwata har ya iske wuta a nesa, alhali gazuwal ba ya kamawa da sauƙi haka? Me ya sa ruwa ke baza wutar mai, kumfa ke danne ta? Yaushe tukunyar gas da wuta ke lasa take gab da fashewa, kuma taku nawa ya kamata a janye jama'a? A watan Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru kwasar fetur, ta fashe ta kashe fiye da 55 nan take. Duk garin da ke kan hanya mai lamba 1 yana iya ganin irin wannan rana, kuma abin da zai rage asara shi ne a samu wanda ya riga ya zauna da magajin gari da sarki da limamai da shugabannin 'yan tasha an yi shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan kimiyyar wuta akwai karatun gini, wato yadda katangar ƙasa ke shan ruwa har ta zube da alamomin da ke riga zubewar, da yadda ake karanta zanen kasuwa a ga inda mota ba za ta iya shiga ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta Sabon Gari a Kano a 2016, babbar kasuwar Katsina a 2021, kuma kowace cikinsu darasi ce da za a iya shimfiɗa wa ɗalibi ya gwada da kasuwar Cadawa ko ta Tibiri. Akwai doka, akwai ƙididdiga, akwai rubuta rahoton da zai sa hukuma ta motsa. Akwai lafiyar mai aikin kansa: a 2022 cibiyar binciken cutar daji ta hukumar lafiya ta duniya ta sa aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo cutar, abin da ya sa wanke kayan aiki da jiki bayan an fito daga hayaƙi ya zama wajibi.

Aikin da za a ba ɗalibi ya kamata ya fito daga inda yake gadi. Maimakon ya rubuta sharhi kan dogayen benaye na Turai, a ce ya ƙirga wuraren ɗiban ruwa na gundumar Agye, ya auna nisan kowanne daga kwalta, ya rubuta watannin da yake da ruwa. Wani ya zagaya makarantun Gidan Sori ya zana yadda azuzuwan zana ke jere. Malami ya duba ya ba da maki, kwamanda kuma ya karɓi takardar ya sa a aljihun mota. Da haka bariki zai ga amfanin karatun tun kafin a kammala shi, kuma wannan ne zai sa shugabanni su yarda su saki awannin.

Yardar shugabanni ita ce maƙogwaron al'amarin. Idan karatu ya zama abin da soja ke yi a ɓoye, yana tsoron a ce ya fi son takarda da aiki, ba zai ɗore ba. Ana buƙatar yarjejeniya rubutacciya tsakanin rundunar da jami'a, wadda za ta ƙayyade awannin karatu a cikin jadawalin gadi, ta ce wa'adin miƙa aiki kwanaki ne masu faɗi ba sa'a guda ba, ta tanadi cewa wanda aka kira aiki ranar jarrabawa yana da wata ranar ba tare da roƙo ba, kuma wanda aka sauya wa gari kiredinsa na biye da shi. Horon da ya riga ya samu a soja, na agajin gaggawa da na tuƙi da na jagorancin tawaga, a auna shi a ba shi kiredinsa, shekara takwas ɗin nan ta ragu. A raba tafiyar zango-zango: takardar shaida bayan shekara guda kan rigakafin gobara, wata kan ambaliya da ceto, su taru su zama difloma, difloma ta kai ga lisans ga wanda ya iya ci gaba. Kowace takarda kuma ta kasance jami'ar gwamnati ce ta ba da ita bisa ƙa'idar hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, don kada mutum ya zuba albashinsa a wata makarantar intanet ta waje ya dawo da takardar da ba a karɓa a wurin ƙarin girma.

Jadawalin shekara ma sai an duba shi da idon mai aikin. Daga Nuwamba zuwa Mayu lokacin gobara ne, hunturu da bazara. Daga Yuli zuwa Satumba lokacin ruwa ne. Sararin da ya rage ɗan kaɗan ne, wajen Yuni kafin damina ta kankama, da Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. A waɗannan makonni ne ya dace a sa haɗuwar ido da ido da manyan jarrabawa, a Maraɗi, rukuni-rukuni, yadda ba za a kwashe mutanen bariki ɗaya a rana ɗaya ba. Sauran watannin a bar wa darussan da ake saurara a waya, da malami guda da aka ɗora wa kowane rukuni, wanda sharaɗin aikinsa shi ne ya amsa tambayar ɗalibi cikin kwana biyu, ko da ta WhatsApp ne, ko da da murya ne.